Wai rufe manhajojin 'yan waje ne maganin goge mana rubutu da suke yi?

Ɗan_Tsakiya:

Assalamu alaikum 'yan uwa. Don Allah tambaya gare ni, kuma ba neman rigima nake ba, abin ne ya tsaya min a rai kusan wata biyu kenan na rasa wanda zan tattauna da shi.

Na yi wani rubutu a kan yaran da ake kashewa a Gaza, ba zagi a ciki, ba hoton jini, ban ce a je a taɓa kowa ba, kawai na faɗi abin da ke raina na haɗa da hoton wani gini da ya rushe. Ko awa biyu bai yi ba sai ga saƙo wai rubutuna ya saɓa ƙa'idar manhajar, an sauke shi, kuma an hana ni fostin na kwana 30. Na shiga wajen ɗaukaka ƙara na yi musu bayani da Hausa na sake yi da Turanci, wallahi ko minti ɗaya ba a yi ba amsa ta dawo wai sun duba sun tabbatar da hukuncinsu, kai da gani ka san ba ɗan Adam ne ya karanta ba. Abin da ya fi ci min rai ma shi ne bayan an sake ni, da idan na yi rubutu mutum 300 ko fiye za su gani, yanzu da ƙyar 20 suke gani, abokaina suna tambayata wai na daina rubutu ne, alhali kullum sai na yi.

To kwanan nan ina ta ganin mutane suna kiran gwamnatoci su haramta duk wata manhajar sada zumunta da ke hannun 'yan wata ƙasa, tunda su ke zaɓar abin da za mu faɗa da abin da za mu gani, kuma ba mu muka zaɓe su ba, ba ma iya kai su ƙara ko'ina. A ranar da aka rufe min akawun da an tambaye ni da gudu zan ce a rufe su duka. Amma da na huce sai na fara tunani, to in an rufe ɗin ina za mu koma, kuma wa zai riƙe makullin? Shi ne na ce bari in tambayi waɗanda suka fi ni sani. Akwai ƙasar da ta rufe kuma mutanenta suka samu ƙarin 'yancin magana? Ko dai gudun gara ne a faɗa gidan zago?

Mai_Kishi:

Wa alaikumus salam ɗan uwa. Ni dai ra'ayina a fili yake, a rufe, ko aƙalla a nuna musu ana iya rufewa. Abin da ya same ka ba kuskure ba ne da ya faɗo kanka kai kaɗai, tsari ne. A watan Disamba 2023 ƙungiyar Human Rights Watch ta fitar da rahoto a kan Facebook da Instagram, ta tattara misalai 1,050 daga ƙasashe sama da 60 na rubutun da aka goge ko aka danne, a ciki 1,049 duk na goyon bayan Falasɗinawa ne cikin lumana. Wannan ba zancen majalisar shayi ba ne, bincike ne aka zauna aka yi.

Kuma kar wani ya ce min ai na Amurka ne kawai ke haka, na Chaina ma gwanaye ne. A 2019 jaridar Guardian ta bankaɗo takardun cikin gida na TikTok inda aka umarci masu tace bidiyo su danne duk abin da ya shafi kisan dandalin Tiananmen da batun 'yancin Tibet, kamfanin ya ce ai tsoffin ƙa'idoji ne an daina aiki da su, toh amma dai an yi aiki da su ɗin ko? A shekarar ne kuma suka rufe akawun ɗin wata yarinya a Amurka bayan ta yi bidiyo a kan Musulmin Uyghur da ake tsarewa a Xinjiang, sai da duniya ta yi ca sannan suka ba da haƙuri. Kowa da abin da ubangidansa ba ya so a faɗa, mu kuma muna tsakiya ana wasa da hankalinmu.

Ku duba Chaina ɗin kanta. Tun 2009 ta toshe Facebook da Twitter da YouTube, mutane suka ce ta koma zamanin jahiliyya, yau ga WeChat ga Weibo ga Douyin, kuɗin talla yana zama a gida, injiniyoyinsu suka samu aiki, har suka ƙera TikTok suka fitar wa duniya, su kansu ba sa amfani da shi a cikin ƙasarsu. Indiya ma ranar 29 ga Yuni 2020 ta rufe manhajoji 59 na Chaina a rana ɗaya har da TikTok mai masu amfani kusan miliyan 200 a can, sama ta faɗo? Ba ta faɗo ba. Amurka da take mana wa'azin 'yanci ita ma da ta ga manhajar wata ƙasa ta shiga wayar mutum miliyan 170 nata ai doka ta yi, ko a sayar ko a rufe. To in su za su kare kansu mu me ya sa za mu zauna wani yaro a wani ofis da bai san yarenmu ba bai san addininmu ba ya riƙa yanke mana abin da ya halatta mu faɗa? Ni abin da yake ƙona min rai kenan wlh.

Malam_Dattijo:

Ɗan_Tsakiya, Allah ya huci zuciyarka, abin da aka yi maka ba daidai ba ne kuma kana da gaskiya ka ji zafi. Mai_Kishi, ɗana, duk misalan da ka kawo na danne magana gaskiya ne ban musa ko ɗaya ba. Inda muka rabu shi ne maganin. Tambayar da yaron nan ya yi ita ce, akwai ƙasar da ta rufe mutanenta suka ƙara samun bakin magana? Bari mu bi su ɗaya bayan ɗaya mu gani, don ni na daɗe ina bin wannan lamarin.

Mu fara da Rasha don ita ce ta fi dacewa da hujjarka. Ranar 4 ga Maris 2022 hukumar sadarwarsu ta toshe Facebook, kuma dalilin da ta bayar shi ne daidai irin naka, wai Facebook yana nuna wariya yana danne kafafen yaɗa labaran Rasha irin su RT da Sputnik. Kuma ba ƙarya ba ne, an takaita su ɗin. Amma ka san me ya faru a wannan ranar dai? A ranar Putin ya sa hannu a dokar da ta tanadi ɗaurin da zai iya kai shekara 15 ga duk wanda ya yaɗa abin da gwamnati ta kira labarin ƙarya a kan sojojinta. Kwana 10 bayan nan aka rufe Instagram. To ka ga mutumin da a da fargabarsa a goge masa fostin, yanzu fargabarsa gidan yari. Wanne ya fi?

Yuganda, Janairu 2021. Facebook ya goge wasu akawun da ya ce na bogi ne masu alaƙa da gwamnati, shugaba Museveni ya fito ya ce kamfanin yana da girman kai yana ɗaukar ɓangare, ya sa aka rufe shi ana saura kwana biyu zaɓe. Kashegari kuma aka kashe intanet ɗin gaba ɗaya, aka yi zaɓen ranar 14 ga wata cikin duhu, sai bayan kwanaki aka dawo da shi, Facebook kuwa ya ci gaba da zama a rufe shekara da shekaru. Wa ya amfana, talaka mai son faɗin ra'ayinsa ko mai neman tazarce?

Najeriya kuwa kowa ya gani da idonsa. Twitter ya goge wani rubutun shugaba Buhari ranar 2 ga Yuni 2021, ranar 4 ga wata ma'aikatar yaɗa labarai ta sanar da dakatar da shi, ministan shari'a ya ce a gurfanar da masu shiga ta bayan fage, aka yi kwana 222 sai 13 ga Janairu 2022 aka buɗe. A Yuli 2022 kotun ECOWAS ta yanke cewa rufewar ta saɓa doka ta tauye 'yancin faɗin albarkacin baki. Abin lura a nan, rubutun mutum ɗaya aka goge, sai aka rufe bakin miliyoyi a kan haka, an huce haushin kaza a kan dami kenan. Kuma ka tuna manhajar da gwamnati ta koma a lokacin? Koo, ta Indiya, wato an bar ta ɗan waje an koma ta wani ɗan wajen. Ita Koo ɗin ma ta rufe kanta a Yuli 2024 saboda rashin kuɗi, duk wanda ya tara mabiya a can sun bi ruwa.

Indiyar da ka yi misali da ita, dalilinta ma ba tace magana ba ne, faɗan kan iyaka ne a kwarin Galwan inda sojojinta 20 suka mutu sati biyu kafin nan. Sannan wa ya gaji kasuwar TikTok ɗin? An yi manhajojin gida irin su Moj da Josh sun ɗan taka rawa, amma waɗanda suka cinye kasuwar su ne Instagram Reels da YouTube Shorts, duk na Amurka. Gwamnatin kuma ba ta zama mai sakin baki ba, a 2021 ta matsa wa Twitter ya toshe akawun masu magana a kan zanga-zangar manoma, a Janairu 2023 ta yi amfani da dokar gaggawa ta sa aka cire wani shirin BBC a kan Firaminista Modi daga YouTube da Twitter.

Chaina kam ban ma san ta inda zan fara ba. E sun gina nasu, sun yi kuɗi, wannan gaskiya ne. Amma je ka rubuta Tiananmen 1989 a Weibo ka gani ko zai kwana. Kai da kanka ka kawo hujjar Uyghur, to mutumin da ke cikin Chaina a wace manhajar zai yi wannan bidiyon? Babu. Idan burinmu kuɗi da masana'antu ne sai mu ce haka a fili mu yi wannan muhawarar daban, amma in burinmu a bar mu mu yi magana ne to Chaina ba abin koyi ba ce.

Na ƙarshe da ya fi tayar min da hankali shi ne Nepal. Ranar 4 ga Satumba 2025 gwamnati ta rufe manhajoji 26 har da Facebook da YouTube da WhatsApp da X (tsohon Twitter) saboda ba su yi rajista a ƙasar ba, wanda in ka ji shi a baki kamar magana ce mai ma'ana ta ikon ƙasa. Ranar 8 ga wata matasa suka fito, dama suna cike da haushin cin hanci, jami'an tsaro suka buɗe wuta, aƙalla mutum 19 suka mutu a ranar. Aka janye dokar cikin dare, kashegari Firaminista Oli ya sauka. Rayukan yaran nan ba za su dawo ba.

Ni abin da na gani a shekarun nan, ikon danne magana ba ya ɓacewa in an kori kamfani, hannu kawai yake canzawa, ya bar hannun wanda iyakarsa ya rufe maka akawun ya koma hannun mai 'yan sanda da kurkuku.

Maman_Biyu:

Salam. Ni ba ni da ilimin da su Malam suke da shi amma bari in faɗi nawa don masu cewa a rufe ba sa tunawa da irinmu. Ni da waya nake sana'ata, shekara shida ina tara kwastomomi ɗaya bayan ɗaya, ba ni da shago ba ni da allon talla, abin da nake da shi kawai shi ne mutanen da suka san shafina suka yarda da ni, da shi nake biyan kuɗin makarantar yara tun da mahaifinsu ya rasu. In aka wayi gari aka ce an rufe, su waye za su biya ni? Manya ai VPN, manhajar shiga ta bayan fage, za su sa su ci gaba da harkarsu, a Iran ma da aka toshe Twitter tun 2009 ai shugabanninsu suna da akawun suna rubutu a ciki, talaka ne zai rasa. Yawancin masu sayen kayana mata ne da ko saitin wayarsu sai 'ya'yansu sun yi musu, wa zai koya musu VPN, ga cin data ga cin batir.

Kuma Yaya Mai_Kishi kar ka ɗauka ban san zafin abin ba, ni ma an taɓa rufe min shafi sati biyu a kan hoton kaya kawai, har yau ban san laifin hoton ba, na yi kuka kamar me don a lokacin akwai masu jiran kaya sun riga sun turo kuɗi ba ni da hanyar yi musu magana, wasu har sun ɗauka damfara ce. To amma wancan sati biyu ne aka buɗe. Na gwamnati fa wa ya san ranar buɗewa? Ni dai roƙona in za a yi doka a yi wadda za ta tilasta musu su sa mutum mai rai da za ka yi wa bayani ya ji ka, ba wadda za ta raba mu da abincinmu ba.

Injiniya_Sadau:

Bari in ɗan shigo ta ɓangaren yadda abin yake aiki, don ina ga in an gane shi za a fi sanin inda za a matsa.

Ɗan_Tsakiya, hasashenka daidai ne, mafi yawan abin da ake gogewa na'ura ce ke gogewa kafin wani mutum ya gani. Ana koya mata da miliyoyin misalai ne, wannan zagi ne wannan ba zagi ba ne, to in yaren yana da misalai da yawa kamar Turanci takan yi ƙoƙari, in kuma yare ne da ba su zuba masa kuɗi ba sai ta koma kamun kalma, ta ga kalma ɗaya da ke cikin jerin sunayen da aka haramta sai ta sare rubutun duka ba ruwanta da ma'ana. Misali mafi girma shi ne Mayu 2021, lokacin rikicin Ƙudus, Instagram ya riƙa danne rubutun da aka sa wa alamar Al-Aqsa saboda tsarinsu ya rikita sunan masallacin da sunan wata ƙungiya mai ɗauke da makamai da ke cikin jerinsu. Masallaci na uku mafi daraja a Musulunci fa. Daga baya Meta, kamfanin da ya mallaki Facebook da Instagram, da kansa ya sa wani kamfani mai zaman kansa ya yi bincike, rahoton ya fito a Satumba 2022 ya ce abin da aka yi ya cutar da 'yancin maganar Falasɗinawa, kuma an fi tsananta wa rubutun Larabci a kan na Ibrananci. Takardun da Frances Haugen, tsohuwar ma'aikaciyar Facebook, ta fitar a 2021 kuma sun nuna kashi 87 cikin 100 na abin da Facebook ke kashewa wajen yaƙi da labaran ƙarya a Amurka yake tafiya, sauran duniya duka kashi 13.

Wannan sakacin kuma kaifi biyu gare shi, mutane suna mantawa. Yadda yake goge abin da bai kamata ba haka yake barin abin da ya kamata a goge. A Myanmar an yi shekaru ana zuga mutane a kan Musulmin Rohingya a Facebook ba masu jin yaren da za su duba, sai a 2018 bayan an gama ɓarna kamfanin ya amsa cewa bai yi abin da ya kamata ba. Don haka masu cewa a bar komai kar a goge komai su ma ba su da gaskiya.

Raguwar masu ganin rubutunka kuma shi ya fi gogewa haɗari a wajena, don gogewa aƙalla ana sanar da kai, wannan kuwa algoridim ne kawai zai daina tura ka gaban mutane, ba saƙo ba hujja, ba ka da abin da za ka nuna wa kowa. Kuma a kan wannan ne Amurka ta kafa hujjarta a kan TikTok, cewa ByteDance, kamfanin Chaina da ya ƙera shi, yana ƙarƙashin dokar leƙen asirin Chaina ta 2017 wadda ta wajabta wa kamfanoni haɗa kai da hukuma, don haka ana iya juya abin da mutane ke gani a ɓoye. Biden ya sa hannu a dokar a sayar da TikTok ko a rufe shi ranar 24 ga Afrilu 2024, Kotun Ƙoli ta tabbatar da ita ranar 17 ga Janairu 2025, manhajar ta ɗauke na wasu awanni, Trump ya hau ya ɗage. Amma ku lura da abu biyu. A Mayu 2024 Sanata Mitt Romney ya faɗa a bainar jama'a cewa yawan maganar Falasɗinawa a TikTok yana cikin abin da ya sa dokar ta samu goyon baya sosai, kun ga ashe masu kukan ana juya magana su ma akwai maganar da suke so a rage. Na biyu, da mutane suka ga za a rufe sai suka yi ta tururuwa zuwa RedNote, wata manhajar Chaina da ta fi TikTok ɗin tace magana nesa ba kusa ba.

Ni a ganina tsakanin rufewa da naɗe hannu akwai fili babba. Tarayyar Turai ta yi dokar da ta ce duk babban dandali in ya goge maka abu ko ya rage masu ganinsa dole ya gaya maka dalili, dole ya ba ka hanyar ƙorafi, kana iya kai maganar gaban wata hukumar sasanci da ba tasa ba, kuma in ya saɓa ana iya cin sa tarar da ta kai kashi 6 cikin 100 na kuɗin da yake samu a duk duniya. A Mayu 2025 hukumar kare bayanai ta Ireland ta ci TikTok tarar Yuro miliyan 530 a kan tura bayanan Turawa zuwa Chaina, ba a rufe wa kowa shafi ba. Abin da Maman_Biyu ta roƙa kenan kusan kalma da kalma. Matsalar ita ce Turai kasuwa ce ta mutum wajen miliyan 450 masu kuɗi, shi ya sa ake jin maganarta, ƙaramar ƙasa ita kaɗai in ta yi barazana kamfanin zai iya ɗaga kafaɗa ya wuce, sai dai in ƙasashe sun haɗu sun yi murya ɗaya.

Mai_Kishi:

Malam na ji kuma na girmama maganarka, batun Rasha da Nepal ya shige ni ba zan ɓoye ba. Amma Injiniya ai kai ma ka dawo kan maganata a ƙarshe, in ba su san kana iya rufewa ba ba za su saurare ka ba. Me ya sa ba wanda ya kawo Burazil? Elon Musk mai kamfanin X ya ƙi bin umarnin kotu ya ƙi naɗa wakili a ƙasar, alƙali Alexandre de Moraes ya sa aka rufe X ranar 30 ga Agusta 2024, mutumin da yake cika baki ba zai taɓa sunkuyawa ba sai ga shi ya naɗa wakilin ya biya tarar sama da Real miliyan 28 na kuɗinsu, aka buɗe ranar 8 ga Oktoba. Ko Twitter ɗin ma ai sai da ya amince zai yi rajista ya biya haraji a Najeriya kafin a buɗe. Toh in ba sanda a hannu wa zai kula ka?

Malam_Dattijo:

Gaskiyarka a nan, Burazil ta nuna ana iya tanƙwara su, kuma aƙalla can kotu ce ta yi, wasu alƙalan Kotun Ƙoli suka duba suka amince, aka faɗi sharuɗɗan buɗewa a fili, da aka cika aka buɗe. Wannan daban yake da minista ya tashi da safe ya rufe don an taɓa maigidansa. Amma ɗana ka duba me aka tanƙwara shi ya yi. Umarnin da ya ƙi bi tun farko na rufe wasu akawun ne, da ya sunkuya kuma rufe su ya yi. Wato sandar ta yi aiki, amma wajen ƙara gogewa ta yi aiki ba wajen ragewa ba. Har tarar Real 50,000 a kullum aka sa wa duk ɗan ƙasar da aka kama ya shiga da VPN, mutumin da bai yi laifin komai ba. Ni har yau ina jiran in ga gwamnatin da ta rufe manhaja don a dawo wa wani talaka da rubutunsa da aka goge, irin na Ɗan_Tsakiya.

Ɗan_Tsakiya:

Na gode ƙwarai Malam, na gode Yaya Mai_Kishi da Injiniya, Maman_Biyu Allah ya jiƙan maigida ya raya yaran ya sa albarka a sana'a. Gaskiya har yanzu raina bai daina ɓaci ba in na tuna saƙon nan da ya dawo cikin minti ɗaya, amma na daina cewa a rufe, aƙalla ba da bakina ba.

Jiya na zauna na kwafe duk rubutuna na shekara huɗu na adana a waya da kuma imel, na fara karɓar lambobin mutanen da muke hulɗa sosai don kar a sake yanke ni da su dare ɗaya. Maman_Biyu ke ma don Allah ki yi haka da kwastomominki tun yanzu. Rubutun Gaza ɗin kuma na sake sa shi a wani dandalin daban, yana nan ba a taɓa shi ba, duk da mutum 11 ne kawai suka gani.

Injiniya tambaya ɗaya ta rage min, na ji ana maganar Mastodon wai shi ba kamfani ɗaya ke riƙe da shi ba, kowa na iya kafa sabarsa da dokokinsa kuma duk suna magana da juna. In mu 50 ko 100 muka haɗu za mu iya kafa tamu ta masu rubutu da Hausa, mu sa masu duba ƙorafi daga cikinmu? Me ake buƙata, kuma wa zai ɗauki nauyin kula da ita in mutane suka fara yawa?